Iskar da Ake Shaƙa a Shago: Tina, Gam da Fetur, da Iyakar da Jiki Yake Ɗauka

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu shugabannin ƙungiyoyin masu sana'a, malamai, ma'aikatan lafiya, ɗalibai, da yaran shago waɗanda iyayen gidansu suka ba su izini suka zo, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi magana a kan ruwayen sinadarai da ake tsinka fenti da su, ake narkar da gam, ake wanke maiƙo, da ɓarnar da tururinsu yake yi wa mai shaƙa, da iyakar da masana suka yanke cewa kada iskar wurin aiki ta wuce. Wani zai ce ai wannan maganar Bompai da Sharaɗa ce a Kano, ko ta Legas, tunda a Katsina in ka cire kamfanin mulmula ƙarfe da aka kafa a farkon shekarun 1980 da wasu 'yan kaɗan, ba mu da manyan masana'antu. To, mai wannan tunani ya taso daga Ƙofar Ƙaura ya ratsa gari har Ƙofar Guga yana ƙirge: mai fentin mota da bindigar feshinsa, kafinta mai shafa wa katako man ƙyalli, mai kujerun kushin da gwangwanin gam a buɗe, mai haɗa takalma, mai faci, maɗaba'a, makanike mai wanke inji da fetur, ɗan bumburutu a bakin titi. Dukansu da irin waɗannan sinadarai suke wuni. Babbar masana'anta tana da injiniya da na'urar zuƙe iska. Shagonmu ƙofa ɗaya gare shi, wani ko taga babu.

Abin da muke kira tina ba abu ɗaya ba ne. Gauraye ne, kuma kowane kamfani da irin haɗinsa. Amma a mafi yawansa za ka sami toluwin da zailin, wani da asiton, wani da metanol. Gam ɗin takalma da na kushin da na faci sau da yawa toluwin ne ko heksen ke riƙe da su a narke. Fetur kuwa yana ɗauke da toluwin da zailin da heksen, har da benzin, wanda zan dawo kansa. Zan fi tsayawa a kan toluwin, don shi ne aka fi haɗuwa da shi, kuma an daɗe ana nazarinsa.

Toluwin ruwa ne garau, mai saurin tashi ya bi iska. In ka shaƙe shi, kusan rabin abin da ya shiga huhu yana wucewa cikin jini, cikin mintuna. Aikinsa a shago shi ne narkar da maiƙo, a jiki ma wurin da kitse yake yake nema, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuwa kitse ne ya lulluɓe su. Shi ya sa alamun farko duk a ka suke. Hanta tana sarrafa shi, ƙoda ta fitar da saura a fitsari, amma suna da gwargwadon abin da za su iya a awa guda. In abin da ke shiga ya fi abin da ke fita, sai ya taru.

Ana auna shi a iska da ma'aunin da ake rubutawa ppm: idan aka kasa iskar ɗaki gida miliyan ɗaya, kashi nawa ne na sinadarin. A wajen 100 ppm, wanda ya wuni ciki yana samun ciwon kai da hajijiya da zafin ido. A 200, kasala ta zo, hannu ya daina daidaita, mutum ya yi jinkirin lura da abin da ke gabansa. Ku tuna mutumin nan zai hau babur ya koma gida da magariba. Daga 400 zuwa 600 sai ruɗewa da tashin zuciya da tangaɗi. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa 500 ppm a matsayin matakin da yake haɗari ga rai ko lafiya nan take. In aka kai dubbai, suma ce, bayanta mutuwa.

Wannan na rana ɗaya ne. Na shekaru ya fi ɓoyuwa: mantuwa, saurin fushi, rashin barci, raguwar ji musamman in ana aiki cikin ƙarar kwamfuresa ko injin goge ƙarfe, da raunin bambance launi. Ku duba wannan na ƙarshe da kyau. Mai fenti da idonsa yake cin abinci, shi ke haɗa launi ya dace da jikin mota, kuma tururin da yake shaƙa wannan idon yake ragewa. Ga mata masu juna biyu akwai haɗarin ɓari. Ina faɗin haka ne don yanzu mata da yawa a cikin gidaje suna haɗa jaka da takalma, da gam a cikin ɗakin da suke kwana da 'ya'yansu.

Yanzu ga maganar iyaka. Hukumar OSHA, wadda dokarta ke aiki a kan masana'antun Amurka, ta yarda da 200 ppm a matsakaicin wunin aiki na awa 8. NIOSH ta ba da shawarar 100. Tarayyar Turai da Ingila sun sa 50 na awa 8, da 100 na ɗan lokaci da bai wuce minti 15 ba. Ƙungiyar masana ta ACGIH, wadda ƙasashe da yawa ke kwafar lambobinta, ta ce 20. Sinadari ɗaya, jikin ɗan Adam ɗaya, amma lamba ta sama ta ninka ta ƙasa sau goma.

Dalilin yana cikin tarihi. Ita ACGIH ɗin ma da 200 ta fara tun a 1946. A 1973 ta koma 100, a 1992 ta koma 50, a 2007 ta sauko 20, bisa hujjar lalacewar gani da ɓarin ciki. Lambar OSHA kuwa tun 1971 take, kuma hukumar da kanta ta amsa cewa da yawa daga cikin lambobinta sun tsufa. Sau da yawa in aka sauke lamba, an sauke ta ne bayan an ga mutanen da suka yi aiki a ƙarƙashin tsohuwar lambar sun cutu. Don haka ni a ganina, duk wanda zai kafa ma'auni a nan ya kama 20, kuma ya sani ko 20 ɗin ba alƙawarin lafiya ba ce ga kowa.

Bari mu kawo lissafin cikin shago. Ɗauki shago mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3, irin waɗanda ake haya ko'ina a garin nan. Idan an rufe shi, toluwin giram 2.7 kacal, wato kimanin mililita 3, in ya bi iska gaba ɗaya, ya kai iskar shagon 20 ppm. Bai cika cokalin shayi ba. Toluwin cikin gwangwanin madara guda, kimanin mililita 150, zai kai shi kusa da 1000 ppm, kusan ninki biyu na matakin haɗarin rai. Gaskiya ne shago ba ya rufuwa ruf, iska tana shiga tana fita. Amma ku da kuke aikin kun fi ni sanin lita nawa ta tina ke ƙarewa a fentin mota ɗaya, kuma duk wadda ta ƙare iska ta bi, ba ta zauna a jikin mota ba.

Sannan waɗannan lambobi an yanke su ne a kan wani irin ma'aikaci: baligi, lafiyayye, mai aikin awa 8 a rana, kwana 5 a mako, wanda ke komawa gida ya shaƙi iska mai kyau awa 16 jikinsa ya fitar da abin da ya ɗauka. Wane ne a cikinmu haka? Yaron shago yana buɗewa da hantsi, ba ya tashi sai bayan isha'i in aiki ya matse, kwana 6 ko 7 a mako. A 1975 wasu masana biyu, Brief da Scala, suka fitar da hanyar gyara lamba ga mai doguwar rana. A lissafinsu, mai aikin awa 10 iyakarsa ta koma kashi 70 cikin 100, mai awa 12 kuwa rabi. Wato 20 ta zama 10. Yaron da ke kwana a shagon, kusa da gwangwanaye da tsummokaran da aka jiƙa, shi lissafin ma bai san da shi ba, don ba shi da lokacin da jikinsa ke hutawa. Kuma da yawansu ba su kai 18 ba, ƙwaƙwalwarsu ba ta gama ginuwa ba.

Yanayinmu ma yana ƙara wa abin nauyi. Ƙarfin tashin tururin toluwin a digiri 40, zafin da muke gani a watan Afrilu, ya kusa ninka na digiri 20 sau uku, a ƙarƙashin rufin kwano kuma zafin ya fi haka. Da hunturu sai a rufe ƙofa, a rataya tamfol, don kada ƙura ta ɓata fenti, a kulle mutum da tururin a wuri ɗaya. Tururin ya fi iska nauyi wajen sau uku, yana gangarawa ƙasa kamar yadda ruwa ke neman kwari. Mai haɗa takalma a zaune yake a ƙasa. Makanike yana cikin ramin gareji. Mai barci yana kan tabarma. Haka kuma tururin ke bin ƙasa har ya kai ga murhun mai shayi ko tartsatsin walda, ya kama da wuta.

Abin da na fi ji daga bakin tsofaffin masu sana'a shi ne, “Ni na saba, ba ya yi mini komai.” Iyayena, da girmamawa nake faɗa: hanci ne ya saba. Sabon shiga yana jin warin toluwin tun yana 'yan ppm kaɗan, amma bayan ɗan lokaci a ciki hanci ya gaji ya daina ba da labari. Ƙwaƙwalwa da hanta ba su daina karɓa ba. Akwai ma wanda in ya kwana biyu bai shiga shago ba sai ya ji jikinsa ba daɗi, ya ɗauka son aiki ne.

Wannan ya kawo ni kan sholisho. Babu wanda ke zaune a nan da bai san shi ba. Muna ganin yara da tsumma a hanci a tasha da bayan kasuwa, muna baƙin ciki, malamai suna wa'azi, hukumar NDLEA tana kame. Rahoton 2018 na binciken shan ƙwaya na ƙasa ya ƙiyasta masu shaƙar irin waɗannan abubuwa a Nijeriya sun kai kimanin 300,000. Abin da ke bugar da yaron nan, galibi toluwin ne, shi ne dai wanda ke cikin tina da gam na shago. Mai sholisho yana shaƙar dubban ppm da gangan, shi ya sa ɓarnar ke bayyana da wuri: ƙwaƙwalwa ta lalace, ƙoda ta taɓu, ƙafa ta kasa ɗaukarsa. Yaron shago yana shaƙar ƙasa da haka, amma kullum, shekara da shekaru, kuma ba da zaɓinsa ba. Wasu ma a shagon suka fara jin daɗin warin. Kuma ina roƙo: in kun ga yaro a buge da sholisho, kada ku bi shi da gudu, kada ku firgita shi. Sinadarin yana sa zuciya ta kasa jure razana, bugunta ya rikice, ya faɗi matacce nan take. Likitoci sun san wannan tun shekaru da dama.

Benzin shi ya fi tsoratar da ni. Hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga mutum. Ɓargo yake kamawa, inda ake yin jini. A birnin Istanbul na Turkiyya, wani likitan jini, Muzaffer Aksoy, ya lura masu haɗa takalma suna ta zuwa masa da ƙarancin jini da kansar jini. Ya bi sawu, ya tarar gam ɗinsu da benzin aka narkar da shi, don ya fi arha. Tsakanin 1967 da 1973 ya ƙirga mutum 26 da cutar a cikin masu takalma 28,500, wajen ninki biyu na abin da ake gani a sauran jama'a. Ƙananan shaguna ne marasa iska, irin namu. A Amurka, OSHA ta so ta sauke iyakar benzin daga 10 ppm zuwa 1 a 1978, kamfanonin mai suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta soke matakin a 1980, sai a 1987 aka samu ya tabbata. Shekara tara ana shari'a da gardama, ma'aikata suna shaƙa. To benzin ɗin nan yana cikin fetur. Makaniken da ke wanke hannu da fetur, da wanda ke zuƙo shi da tiyo a baki, da yaron da ke wuni yana ɗura shi a galan, kowannensu yana ɗaukar rabonsa ta huhu da ta fata.

Heksen kuma jijiyoyin hannu da ƙafa yake ci. Yana farawa da dindiris a yatsu, sai ƙafa ta yi nauyi, sai mutum ya kasa riƙe takalminsa a ƙafa, daga baya ya kasa tafiya. A shekarun 1960, a lardin Mie na Japan, an sami mutum 93 da wannan ciwo a cikin masu haɗa silifa a gidajensu. A 2009, a birnin Suzhou na Sin, ma'aikata 137 na kamfanin Wintek suka kamu bayan an sa su goge gilashin waya da heksen don ya fi saurin bushewa, kamfanin Apple da ake yi wa aikin ya amsa haka a 2011. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A nan in matashi mai takalma ya fara jan ƙafa, za a ce sanyi ne, ko shawara, ko a ce jifa ne, a yi ta magani yana komawa kan gam ɗin. Alhali in an raba shi da sinadarin da wuri, jijiyoyin sukan farfaɗo a hankali cikin watanni.

Abubuwa biyu da ake dogara da su a shagunanmu ba sa kare kowa. Na farko madara. Mai fenti ya gama feshi, maigida ya saya masa gwangwanin madara, wai ta wanke ƙirji. Niyyar mai kyau ce, madara kuma abinci ce. Amma ciki take tafiya, tururi kuwa ta huhu ya shiga, ya riga ya kai jini. Na biyu takunkumin yadi, irin na lokacin korona, ko hankici da aka jiƙa. Yana tare ɗigon fenti da ƙura, tururi kuwa ratsa shi yake yi. Takunkumin da ke tare tururi na roba ne mai kama fuska, da gwangwanaye masu gawayi na musamman a gefe, masu alamar ruwan ƙasa a tsarin Turai ko baƙa a tsarin Amurka. Gawayin yana cika, dole a riƙa sauyawa, a ajiye shi cikin leda a ɗaure bayan aiki. In gashin fuska ya hana robar kama fata, iska tana shiga ta gefe, sai a nemi irin mai hular da ke rufe kai duka. Fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa ruwan da ke sa shi tauri, yana da wani sinadarin daban mai haddasa asma, shi kam sai takunkumin da ake turo wa iska ta tiyo.

Amma takunkumi shi ne na ƙarshe a tsarin kariya. Abin da ya fi shi, a sauya kayan: inda fenti ko gam mai haɗin ruwa zai yi aikin, a yi da shi, a wanke hannu da sabulu, a bar fetur. Sai iska: a yi feshi da shafa gam a rumfa mai buɗaɗɗen gefe, iska tana bugowa daga bayan mai aiki. A shago a fasa taga daura da ƙofa, a sa fanka mai fitar da iska waje a ƙasa-ƙasa, kusa da inda ake aikin. Fankar sama juya tururin kawai take yi a cikin ɗaki. A rufe gwangwani da zarar an ɗiba. Tsumman da aka jiƙa a zuba shi a bokitin ƙarfe mai murfi, a waje. Kada a ci abinci a wurin, kada kowa ya kwana a wurin. Yawancin waɗannan ba sa cin ko kuɗin lita ɗaya ta tina.

In wani ya faɗi, a fitar da shi sarari, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai, a kai shi asibiti tare da gwangwanin abin da ya shaƙa. Wanda ya haɗiye fetur kada a sa shi amai, kada a ba shi manja, don in ya koma huhu ya fi ɓarna. In kuma a cikin tanki ko rami mutum ya suma, kada wani ya faɗa ciki haka nan don ceto. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa.

Ta fuskar doka, muna da Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta wajabta wadatar iska da fitar da hayaƙi mai cutarwa daga wurin aiki, sai dai ba ta jero lambobi irin waɗanda na karanto muku ba. Muna da Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, mai ɗaukar ma'aikata yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, kuma ta haɗa da cututtukan da sana'a ke jawowa. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 155 a 1994, da mai lamba 187 a 2022. Amma yaron shago ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba shi da albashi, ubansa ne ya kawo shi ya danƙa wa maigida amana. Kafin jami'in duba masana'antu ya iso shagon, maigida ne hukuma.

Ga 'yan uwana ma'aikatan lafiya: tun a 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya ce a ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda ake yi wa marar lafiya, a tambaye shi sana'arsa. Matashin da ke yawan zuwa da ciwon kai, ko ƙarancin jinin da ba a gane kansa ba, ko mutuwar yatsu, kafin a sake rubuta masa maganin maleriya da taifod, a tambaye shi da me yake wuni.

Ga malamai da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman: akwai ƙananan bututun gilashi da ake zuƙa iska ta cikinsu da famfon hannu, launi ya sauya ya nuna ppm nan take. Ku fita da su gareji da shagunan takalma, da bazara da hunturu, ku auna, ku rubuta sakamakon da Hausa, ku mayar wa masu shagon. Cibiyoyin koyar da sana'a, irin Ƙauyen Sana'o'in Matasa na nan Katsina, su sa wannan darasi tun makon farko. Dillalan da ke ɗura tina a robar ruwa ba suna ba alama, su nemi takardar bayanin haɗari daga kamfanin da ya sayar musu, sashe na 8 a cikinta shi ke ɗauke da iyakar shaƙa, kuma su rubuta sunan abin a jikin robar.

Ku kuma iyayenmu shugabannin ƙungiyoyi, ku ne maganarku ke shiga kowane shago. A zamanku na gaba ina roƙon ku yanke abu uku ku sa su cikin dokar ƙungiya: ba yaron da zai ƙara kwana a ɗakin da ake ajiye tina da gam, ba wanda bai kai 18 ba da za a ba bindigar feshi, kuma ba za a yi feshi a rufaffen shago ba ko da hunturu ne.